Ihun Mota Ba Ya Kama Ɓarawo

Jama'a, 'yan'uwanmu mazauna kurmi, maganarmu ta yau a kan tsaron mota ce. Mutum ya yi shekaru yana fama a Agege ko Sabo ta Badun, ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi tokumbo, da ya shiga kasuwar Ladipo a Ikko sai masu sayar da na'urori su yi masa caa. Wannan ya ce jiniya, wancan ya ce mai buɗe ƙofa daga nesa, wani kuma mai tayar da inji tun kana ɗaki. To, wanne ya cancanci guminka?

Mu yi misali da Ƙofar Wambai ta birnin Bauchi, inda wasunmu za su nufa da motocinsu in salla ta zo. Da Malam Yakubu ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, ganuwa da ƙofofi ne suka tsare shi. Ihun mai gadi taimako ne kawai, kuma ba ya amfani sai akwai mai amsawa. To, jiniyar mota ihu ce. A unguwa irin Ƙofar Wambai, inda maƙwabta suka san motar juna, tana yin kuka za a fito. A Ikko kuwa, tsawa ta tayar da ita, tirela ta tayar da ita, har kunnen jama'a ya saba, ba mai ko waiwayawa.

Ƙofar mota ita ce na'urar hana inji tashi, wato imobilaiza. Akwai wani ɗan ƙanƙanin abu a cikin makulli wanda in kwamfutar mota ba ta gane shi ba, inji ba zai tashi ba ko da an haɗa waya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta ta a sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007. Amurka, inda tokumbonmu da yawa ke fitowa, ba ta wajabta ba. Shi ya sa daga 2021 matasa can suka yi ta kwashe motocin Kia da Hyundai waɗanda ba su da ita. Saboda haka, tun kafin ka biya kuɗin mota, tambayi dillali ko tana da ita.

Mai tsohuwar mota, irin Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, kada ya karaya. Ya sa a ɓoye masa makunnin da ke yanke mai, ya ƙara da ƙarfen kulle sitiyari. Ɓarawo ba abin da ya ƙi kamar ɓata lokaci.

Tiraka fa? Ba ta hana sata, sai dai ta nuna inda mota take, wasu ma ana iya kashe inji da saƙon waya. Amma da layin waya take aiki. In ba sabis, ko ka bar kuɗin layin ya ƙare, ta zama kurma. Wanda da motarsa yake cin abinci, lalle ya saka. Haka kuma a sani, inshorar nan ta dole, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ba ta biyan motar da aka sace. Sai cikakkiyar inshora ko wadda ta haɗa da sata.

A kuma yi hattara da mai rewaya. Araha ba ta ado. Wanda bai ƙware ba zai yayyanka wayoyi, batir ya riƙa mutuwa cikin dare, wani lokaci har gobara.

Shawararmu ke nan: fara da abin da ke hana inji tashi, sai ƙarfen sitiyari, sai tiraka da inshora gwargwadon ƙarfinka. Jiniya ta zo daga baya, kayan ƙawa kuwa a bar wa mai rarar kuɗi. In kuma 'yan fashi suka tare ka da bindiga a hanyar gida, miƙa makulli ba gardama. Ana sake mota, ba a sake rai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.