Takardar Likita da Ɗage Jarrabawa

Tun zamanin Wangarawa aka san Madabo da karatu, kuma a zaurukanta in ciwo ya kwantar da almajiri, ran da ya miƙe sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Jami'a kuwa ba ta ɗage wa ɗalibi jarrabawa sai da takardar likita. To, a watan Afrilun 2020, da aka kulle Kano saboda korona, jinya ta koma cikin gidaje, aka kuma yi rashin dattawa masu yawa. Ɗalibin da ya yi jinyar mahaifinsa a ɗaki har ya binne shi, wane likita zai shaide shi? Lokacin annoba ya kamata jami'a ta karɓi shaidar mai unguwa, ko ta limamin da ya sallaci gawar.