Tsohuwar kalma ba gawa ba ce

A Ingilishi akwai wani tsohon aikatau, wend, wanda ya kusa fita daga bakin mutane. Asalinsa wendan ne, ɗan'uwan wenden na Jamusanci, ma'anarsa juyawa, daga baya ya koma nufin kama hanya. Wajen ƙarni na 15 siffarsa ta shuɗaɗɗen lokaci, went, ta ƙaura zuwa aikatau go, ta zauna daram. Saboda haka duk ɗan kwalejin Tanut ko Belbeji da ya haddace go da went, tsohon wend yake furtawa bai sani ba.

Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa a kakkaɓe tsofaffin kalmomi daga darasin Hausa, wai sun mutu, wai nauyi ne ga yara. Abin mamaki, su ne kuma ke sa yaro haddar vais da allons da irai na Faransanci, siffofin aikatau guda masu tushe dabam-dabam, ba su taɓa kiransu nauyi ba. Ashe tsufa sai a Hausa yake zama laifi?

Damargu kuwa ba wurin da za a yi wannan ganganci ba ne. Ta nan ayarin Abzin ke bi zuwa Damagaram da Kano, yana awon gero. Ta nan Heinrich Barth ya ratsa a 1851. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya fataucin hamada, amma kalmominsa sun tsira. Madugu, shugaban ayari, ya zama madugun ƴan adawa a rediyo. Zango, masaukin fatake, ya zama zangon karatu, alhali makiyayan Tarka na nan suna ya da zango na gaske. Yaron da bai san ayari ba, yaya zai gane cewa shekarar karatu tafiya ce mai masauki uku?

Turawa sun bi sawun wend a ƙamus ɗin Oxford, wanda aka kammala a 1928. Bargery ya tattara na Hausa a 1934. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Wannan matsayi ba ya tabbata da kalmomin kasuwa kaɗai. Malamin da ya tsallake tsohuwar kalma bai sauƙaƙa wa ɗalibi ba, gādonsa ya rage masa. A koyar da ita da asalinta, tun tsofaffin da suka san ta a bakin rijiya suna da rai.