Baturiya: Ruwa Kafin Masauki

Masu hali kan kwashe makonni suna cigiyar masaukin alfarma a tsibiran Bahar Rum, irin su Malta da Sisili. Tsuntsayen Turai kuwa tekun nan suke ƙetarewa, su ratsa Sahara, su ci hunturu a fadamar Baturiya ta Kirikasamma, wadda ta shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008.

Mai ganin otal mai tsada zai jawo baƙi can ya bar jaki yana dukan taiki. Tun gina madatsun Tiga da Challawa malalar Kogin Haɗeja ta ragu, kacalla kuma ta toshe magudanai. Tsuntsayen da baƙo zai zo kallo ruwa suke bi. Kuɗin ginin ya fi dacewa da yashe hanyoyinsa, domin masunta da makiyaya ma shi suke jira.