"AI NAIRA ƊARI CE KAWAI": YADDA CACA KE YANKAR TALAKA FIYE DA MAI KUƊI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk shekara idan kaka ta kama a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kuɗi kan ɗan shiga hannun matasa. Wani ya yi ƙwadagon ɓarar masara a Bakori, wani ya ciri auduga, wani ya wuni yana lodin buhuna a kasuwar Dandume, wani kuma ya sai da tumatirinsa a Danja. To amma abin takaici shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kuɗaɗe na gumi ba sa kwana a aljihu, wayar hannu ce ke haɗiye su da sunan "buga wasa". In aka yi wa matashi nasiha sai ya yi murmushi ya ce, "Ai Naira ɗari ce kawai."

Wannan kalma ta "kawai" ita ce tarkon, kuma littattafan lissafin masu gidajen cacar da kansu sun tabbatar da haka.

A Jihar Nebada ta ƙasar Amurka, inda birnin Las Vegas yake, akwai injinan caca dubbai da ake zura musu kuɗi a danna, waɗanda Amurkawa da bakinsu suka laƙaba wa suna "ɗan fashi mai hannu ɗaya", saboda hannun ƙarfen da ake ja a jikin na da. Kowane inji da ajinsa: akwai na santi 1, wato kwabon Amurka, akwai na Dala 1, Dala 5, har Dala 100. Hukumar da ke kula da caca a jihar tana fitar da rahoto duk wata, kuma shekara da shekaru abin da rahoton ke nunawa bai sauya ba. Injin kwabo yana riƙe wa mai gida kusan kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka zuba masa, alhali injinan Dala 1, Dala 5 da Dala 25 suna riƙe wajen kashi 5 zuwa 7 ne. Wato wanda ya zo da ƙaramin kuɗi shi ake yi wa yanka mafi zurfi.

Ba kuskure ba ne, tsarawa aka yi. Injin kwabo da na Dala wuri ɗaya suke ci a ɗaki, wuta ɗaya suke sha, don haka sai aka ƙara wa na kwabo kaifi don ya biya kuɗin zamansa. Attajiri kuwa lallashinsa ake yi don kar ya koma gidan maƙwabta. Sannan sunan "kwabo" ɗin ma yaudara ce, domin injin yana da layuka da yawa da ake sa wa kuɗi a lokaci guda, ta yadda dannawa ɗaya za ta iya cin Dala guda ko fiye. Wannan shi ne mai awon da ke da mudu biyu, cikakke na Alhaji, lanƙwasasshe na talaka.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Ƙafur ko Faskari da Las Vegas? Amsa ita ce injin ya riga ya iso, sai dai ba a mota aka kawo shi ba, a cikin waya ya shigo. Tun da Bet9ja ya fara aiki a 2013, wasu irin su SportyBet suka biyo baya, kowane matashi mai data yana yawo da gidan caca a aljihunsa. Kuma ƙa'idar nan ta mudu biyu tana nan daram.

Ga misali. Mai Naira 100 ba ya sa ta a kan wasan ƙwallo ɗaya, don abin da zai ci bai taka kara ya karya ba. Sai ya jera wasanni 10 ko 20 a tikiti guda yana mafarkin miliyan. A ƙaddara kamfani yana cire kashi 5 cikin 100 a kowane wasa. In an jera 10, yankan yana hawa kan yanka har ya kai kusan kashi 40. In an jera 20 ya haura kashi 60. Wanda ya sa dubu ɗari a wasa ɗaya kashi 5 aka cire masa, ɗan acaɓa mai Naira 100 an kwashe masa fiye da rabi tun ba a take ƙwallo ba.

Haka nan wasan jirgin nan da ake kira Aviator, wanda masu shi ke tallar cewa yana mayar da kashi 97 cikin 100. A kunne kamar adalci. To amma zagaye ɗaya daƙiƙoƙi ne. Wanda ya juya Naira 1,000 sau 50, bisa lissafi abin da zai rage masa bai fi Naira 220 ba. Rijiya ce mai ɗan ƙaramin baki.

Kar kuma wani ya fahimci cewa mafita ita ce a sa babban kuɗi. A'a. Da mai Dala da mai kwabo duk yankakku ne, bambancinsu faɗin wuƙa. Allah (T) bai haramta caca don kason mai gida ya yi yawa ba. A Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 Ya haɗa ta da giya da gumaka, Ya bayyana ta a matsayin ƙazanta daga aikin Shaiɗan, mai jefa gaba tsakanin mutane, mai kange su daga ambaton Allah da salla. Ba a ware Naira ɗari ba. Manzon Allah (S) ma ya umurci wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai da ya yi sadaka, ballantana wanda ya tura masa lambar tikiti.

Su kuwa mahukunta, damuwarsu daban. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, a shari'ar da Jihar Legas ta jagoranta tun 2008, ta ce hurumin jihohi ne. Shekara 16 ana jayayya, ba a kan halacci ko haramci ba, a kan wa zai ba da lasisi ya karɓi haraji. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca da dama a 2024, amma wa zai sa kwaɗo a wayar da ke ƙarƙashin matashin kai? Tsarin da ya tsadar da taki da man fetur har matashi ya fid da rai da gona, shi ne ya dawo yana sayar masa da mafarki a Naira ɗari.

Saboda haka aikin yana wuyan 'yan uwa matasa. Duk mai irin wannan manhaja ya goge ta tun kafin ya bar harabar masallaci. Wanda ya san abokinsa ya faɗa, ya ja shi gefe cikin hikima ya buga masa wannan lissafi, ba tare da tozartawa ba. Naira 100 kullum, a shekara Naira 36,500 ce. A adashi ko asusun 'yan uwa tana iya zama kuɗin iri ko na littattafan ƙane. Wanda bai iya fin ƙarfin babban yatsansa ba, da wane ƙarfi zai tunkari azzalumi?

Allah (T) Ya tsare matasan Musulmi, Ya azurta su da halal. Wassalam.