AIKIN DA KE ƘETARE TEKU BA JIRGI

Jama'a, wanda duk ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ko ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, ya ga samari kowa da kwamfutarsa bisa cinya. Cikinsu akwai waɗanda in ka tambaya su ce maka ubangidansu yana Ingila ko Amurka, ba su kuwa taɓa haɗuwa da shi ba. Dattawa da yawa suna tambaya, shin wane irin aiki ke nan, riba ce gare mu ko hasara?

Ita kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka rubuta mata. Masu rubuta mata umurni su ne masu rubutun manhaja, watau kamar magatakarda suke gare ta. To, bambancin wannan sana'a da saƙa ko rini shi ne kayanta ba su bukatar ayari, ba su bi ta hannun kwastan. Abin da aka rubuta a Kano da hantsi ya isa London kafin azahar. Saboda haka mai kamfani yana iya ba da aikin duk inda lada ya fi sauƙi.

Mutanen Indiya suka fara cin moriyar wannan. Wajen 1999, da aka ji tsoron kwamfutocin duniya za su rikice da shigowar shekara ta 2000, sai kamfanonin Amurka da na Turai suka aika da aikin gyara mai yawa can, garin Bangalore ya bunƙasa. Amma fa cin wani, rashin wani. Cikin 2015 kamfanin Disney ya sallami ma'aikatan kwamfuta kamar 250 a Florida, har aka sa waɗansunsu su koya wa waɗanda za su gaje su aikin kafin su tafi.

Mu Kanawa ba sai an fassara mana zafin wannan ba. Baturen nan Barth da ya zo cikin 1851 ya tarad da tufafin Kano suna kai wa har Timbuktu da Tarabulus. Yau masaƙu da yawa na Bompai da Sharaɗa da Challawa a rufe suke, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Cikin 2015 sai da marina suka yi gangami zuwa fadar Sarkin Kano suna kuka da shigowar rinannen yadi daga ƙasar Sin. Abin da ya sami marini, shi ya sami ma'aikacin Florida.

To, a wannan sabuwar sana'a ƙasarmu tana da fuska biyu. Ta fari, namu aikin ma fita yake yi. Bankuna da dama na Nijeriya da manhajar waje suke riƙe lissafin kuɗin mutane, irin su Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya, kuma da dala ake biya. Cikin Fabrairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu ga umurni na 5, wanda ya ce ma'aikatun gwamnati su fifita gwanayen gida wajen ba da kwangila. Umurnin ya yi kyau, amma takarda ba ta aiki sai da masu bin ta.

Fuska ta biyu, aikin waje yana shigowa. Kamfanin Andela da aka kafa a Legas cikin 2014 ya horad da samari, ya haɗa su da kamfanonin Amurka. Sai ga shi cikin Satumba 2019 ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Uganda da Kenya, ya ce masu ba da aiki ƙwararru suke nema. Cikin Yuli 2025 kuma TCS, babban kamfanin manhaja na Indiya, ya ce zai rage ma'aikata kamar 12,000, daidai lokacin da injuna suka fara iya rubuta manhaja mai sauƙi da kansu. Ashe aikin da araha ta kawo, araha ke ɗauke shi.

Akwai kuma wata illa da attajirai ya kamata su lura da ita. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Yaron da ake biya da dala ba zai koma ga albashin naira ba. Jikinsa na Tarauni, amma basirarsa ta yi ƙaura. Asibiti ko makaranta ko kamfanin gida da ke bukatarsa sai su rasa gwani.

Ba mu ce samari su ƙi aikin waje ba, gama halal ne, yana kuwa ciyad da gidaje. Gwamnatin Tarayya ma ta buɗe shirin 3MTT cikin 2023 don horad da mutum miliyan uku. Amma horo ba kasuwa, noma ne ba rumbu. Attajiran Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna da lissafin kaya da na bashi mai yawa wanda har yanzu a littafi ake rubutawa. In suka ba 'ya'yansu wannan aiki, suka biya su lada mai kyau a kan kari, to, an sami tushen da wani ba zai tumɓuke daga ƙetare ba.

Malamai kuma sun sani, sharaɗin ijara shi ne a san aiki, a san lada. Su gargaɗi samari kada su karɓi aikin wanda ba su gani ba sai da rubutacciyar yarjejeniya, domin ba alƙalin Gyaɗi-Gyaɗi da zai iya kiran mutumin London ya zo ya amsa ƙara. Su kuwa samari su zurfafa ilmi, kada su tsaya ga ɗan abin da inji zai iya yi gobe. Mun yi sake da masaƙa har ta kuɓuce, kada mu maimaita. Allah ya ba mu sa'a, amin.