Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ƙiyasin Ƙasar Hanya Da Kwamfuta A Damagaram

Zuwa ga 'ya'yana da ƙannena injiniyoyi da masu ƙiyasin kwangila, waɗanda suka yi karatu a EMIG ta Yamai, ko 2iE ta Wagadugu, ko nan gida Zinder.

Haƙƙinku ne a yaba muku, kuma na yaba, domin lissafin haƙa da ciko da muke kwana muna yi da fensir a hasken fitila, yau ɗayanku yakan gama shi da Covadis ko Civil 3D tsakanin azahar da la'asar, rubutu tsaf, babu gogewa. Allah ya ƙara basira.

Amma abin da ya hana ni yin shiru shi ne wata gafala da ta zama ruwan dare a takardunku, wato ɗaukar layukan tsayi da mai zane ya ja, waɗanda ke nuna inda fuskar kwalta za ta tsaya bayan an gama aiki, a miƙa wa na'ura su kamar su ne matsayin gadon hanya, alhali kuwa tsakanin fuskar kwalta da gadon da katafila za ta gyara akwai shimfiɗu na burji da tsakuwa da kwaltar kanta, kowace da kaurinta, waɗanda wajibi ne a ɗebe su kafin a tambayi kwamfuta ko da mita ɗaya. Mu ƙaddara hanya mai faɗin mita 10 har da kafaɗunta, tsawonta kilomita ɗaya, jimlar kaurin shimfiɗunta santimita 40. Wanda ya manta da wannan ɗebewa ya yi kuskuren mita kubik 4,000, lodin tifa 400 ke nan idan kowace na ɗaukar 10. A kwari, inda ake ciko, ya ɗora wa hukuma kuɗin ƙasar da ba za a zuba ba. A tudu, inda ake haƙa, ya tauye wa ɗan kwangila haƙƙin ramin da dole ne ya haƙa. Wani lokaci kurakuran biyu sukan rufa wa juna asiri a jimla, sai mai lissafi ya ga adadi ya yi kyau, hankalinsa ya kwanta.

Na tsaya a wata unguwa da ba zan ambata ba, inda aka bi irin wannan takarda sau da ƙafa: aka yi ciko har ya kai layin da na'ura ta nuna, sa'an nan aka hau zuba burji a bisansa, hanya ta tashi sama da dokin ƙofar gidajen mutane da kusan kamu biyu. Da damina ta sauka, ruwan da aka yi wa lambatu bai ga hanyar shiga lambatu ba, sai ya bi ta zaure. Na ga wata dattijuwa tana kwarfe tsakar gida da ƙwarya, ga buhunan rairayi an jera a bakin ƙofa. Mutumin Zinder da ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya faɗi a daminar 2024, ba ya buƙatar wa'azi a kan abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa.

Kada wani ya ce mini ya ɗebe santimita 40 daga aikin baki ɗaya, don haka ya kuɓuta. Kaurin tsakiyar titi daban, na gefen da aka shimfiɗa wa bulo daban, na gindin lambatu daban, filin da za a dasa itatuwa kuwa ƙasa mai taki yake so a ƙara masa. Kowane yanki sai an kewaye shi an ba shi nasa zurfin, an kuma ja wa na'ura layin da ƙasa ke karyewa a bakin lambatu da gaɓar ƙorama, in ba haka ba za ta haɗa alwatikanta ta tsallake ramin kamar babu shi. Ƙasar sama mai saiwa da shara, wadda ake kankarewa kafin ciko, ita ma tana da nata hisabin. Ga kumburin ƙasa in an haƙa ta, da ƙanƙancewarta in an daɓe, abin da Proctor ya yi wa ƙa'ida tun 1933, ga ruwan daɓen kansa, a garin da ruwan shansa ma daga Gogo da Arungoza ake jawo shi.

Kaico! Malamanmu ba su da na'urar da ta wuce ma'aunin ido da sanda mai lamba, amma ɗayansu ba ya sa hannu a takarda sai ya taka layin da ƙafarsa, ya sa an haƙa ramin gwaji, ya murza ƙasar a tafin hannu. Alhawarizmi da ya sanya babin awon fili cikin littafinsa na aljabara, don rabon gado da shari'ar mutane ya yi, kuma Alƙur'ani ya keɓe sura guda a kan masu tauye mudu. Yau kuwa sai yaro ya sauko da hoton tudu da kwari na SRTM, wanda aka ɗauka daga sararin samaniya a shekarar 2000, tazarar ɗigonsa mita 30, kuskuren tsayinsa yana kai wasu mitoci, ya nemi santimita a cikinsa! Wannan taƙlidi ne makaho, kuma a Damagaram haɗarinsa ninki ne, domin duwatsun da kuke gani a Birni suna da 'yan'uwa kwance ƙarƙashin rairayi, kuma kuɗin fasa dutse ba kuɗin kwashe jigawa ba ne. Idan gadon hanyarku ya sauka santimita 40 ƙasa da yadda kuka zata, la'alla cikin waɗannan santimitocin ne dutsen yake.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi, tsufa ne da kishin sana'a. Roƙona gare ku, kafin kowace takarda ta bar ofis, ku zaɓi yanka uku ko huɗu na hanyar, ɗaya a tudu, ɗaya a kwari, ɗaya a mahaɗa, ku lissafa su da hannu ku gwama da abin da kwamfuta ta bayar, ku kuma rubuta a goshin takardar, da manyan baƙaƙe, ko adadin daga fuskar kwalta aka auna shi ko daga gadon hanya, da kaurin da aka ɗebe a kowane yanki.

Ku isar da gaisuwata ga malamanku da iyayenku. Wassalam.

Naku, wani dattijo cikin masu awon ƙasa,
Birni, Zinder.