Tsohuwar Tarakta Da Ta Maƙale Na Da Darasi Ga Masu Wayar Hannu

A Amurka, gidaje da yawa na da ƙaramar taraktar lambu da ake yanke ciyawa da ita, irin su John Deere da Cub Cadet da Wheel Horse. Wasu sun haura shekara 30 suna aiki. Matsalar da ke yawan damun masu su ita ce maƙalewar kulocin PTO, wato na'urar da ke ɗaukar ƙarfin inji ta miƙa wa wuƙaƙen yankan ciyawa ta hanyar bel. Idan ya maƙale, da an tayar da inji wuƙaƙen za su fara juyawa ko da makunnin a kashe yake. Wannan ba abin wasa ba ne, domin yana iya raba mutum da yatsunsa.

Mai gaggawa zai ruga ya sayi sabon kuloci. Kuskure ne. Abin da ya dace shi ne a fara gano inda cutar take, kuma tsohuwar tarakta ba ta ɓoye ciwonta.

A yawancin irin waɗannan taraktoci kulocin na lantarki ne. A cikinsa akwai koyil, wanda idan wutar batir mai bolt 12 ta shiga sai ya zama maganaɗisu, ya jawo faifan ƙarfe ya manne da ɓangaren da ke juyawa tare da inji. Da an yanke wuta, faifan ya saki. Saboda haka tambayar guda ɗaya ce: wuta ce ta ƙi yankewa, ko ƙarfe ne ya ƙi saki?

Amsar ba ta buƙatar kwamfuta. A kashe inji, a zare soket ɗin da ke kai wa kulocin wuta, a sake tayarwa daga kan kujera. Idan wuƙaƙen sun daina juyawa, laifin na makunni ne ko wata wayar lantarki da ta goge, kulocin lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa sun ci gaba, matsalar ta ƙarfe ce. A nan sai a kashe inji, a cire makulli, a zare wayar fulogi kafin a kai hannu. Galibi za a tarar boris ya cije, ko tsatsa ta haɗa faifan bayan dogon zama cikin danshi, ko tazarar da ke tsakanin faifan ta matse. A nau'ukan da ake iya saitawa, noti uku ne ke daidaita tazarar, wadda ba ta kai rabin milimita ba. Shi ma koyil ana auna shi da mita: lafiyayye kan nuna ohm 2 zuwa 4.

Me ya haɗa wannan da mai wayar hannu? Tarakta ce da mai ita ke iya buɗewa, ya auna, ya gyara da sifana da mita. Sabbin manyan taraktoci kuwa manhaja ce ke riƙe da sirrinsu, shi ya sa manoman Amurka suka daɗe suna fafutukar neman 'yancin gyara kayansu. A 2023 jihar Colorado ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin injinan noma ba manoma kayan gyara da bayanai, a Janairun 2025 kuma hukumar kasuwanci ta FTC ta maka John Deere a kotu kan batun. Rigimar iri ɗaya ce da ta wayoyin da ake manne batirinsu da gam. Sai a 2022 Apple ya fara sayar wa jama'a kayan gyaran iPhone kai tsaye.

Wasu za su ce na'urar zamani ta fi ƙarfin gyaran gida, kuma rufe ta kariya ce ga mai amfani. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin batirin lithium da aka huda yana iya kamawa da wuta. Amma wuƙar tarakta ma tana da haɗari, kuma maganin da aka samo shi ne koya wa mutane matakan kariya. Ba a kulle injin ba.

Don haka idan waya ta ƙi caji, a gwada wata caja da wani kebul, a share ƙurar ramin caji, kafin a yarda cewa sai an canja wani abu. Idan kuma za a sayi sabuwa, a tambayi mai shago ko ana samun batirinta da gilashinta a kasuwa, tun kafin a biya kuɗi.